Babi na Uku: Dajin da ke Ƙarƙashin Gona

Wai da gaske ne wani hani ga Allah baiwa ne? Tambaya ce da ba a cika yin ta a bainar jama'a ba. Idan gobara ta lashe shagon mutum, ko aka sallame shi daga aiki, ko aure ya mutu bayan shekaru masu yawa, masu jaje kan zo su zauna su ce a yi haƙuri, wataƙila haka ne mafi alheri. Shi kuma ya ce to, Allah ya sa. Sai dare ya raba, kowa ya watse, sannan zai tambayi kansa ta ina alherin nan zai ɓullo.

Mai wannan tambaya ba shakkar ikon Allah yake yi ba. Abin da ya gani da idonsa ne ke damunsa. Ya san mutum biyu da masifa iri ɗaya ta afka wa. Bayan shekara goma, ɗaya yana cewa da abin nan bai faru ba da ban kai inda nake ba. Ɗayan kuwa tun daga ranar bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Me ya raba su?

Da labarin mutum ɗaya na kawo, da mai karatu ya ce ai wannan sa'a ce ta gamu da shi. Shi ya sa na zaɓi labarin da ya shafi miliyoyin mutane, waɗanda aka tilasta musu sauya yadda suke rayuwa, kuma sakamakon yana nan tsaye a gonakinsu, duk mai so ya je ya ƙirga. Manoman Maraɗi da Damagaram nake nufi.

Gona tas, rumbu wayam

Wanda ya bi ƙauyukan Maraɗi a farkon shekarun 1980 zai iya hangen nesa ba abin da ya tare masa ido. Gonaki ne shimfiɗe, rairayi fari fat, sai jifa-jifa ka ga wata tsohuwar bishiya ita kaɗai. Dattawa na ba da labarin dajin da suka yi farauta a ciki suna samari, yara na saurare kamar tatsuniya.

Fari kaɗai bai yi wannan ɓarna ba. Jama'a sun ƙaru, aka daina barin saura ta huta. Tun zamanin Faransa aka matsa wa manoma kan noman gyaɗa don fitarwa waje, malaman gona kuma suka yi ta koyar da cewa gona ta gari ita ce wadda aka share tas, aka tumɓuke kututture don garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Har abin ya zama mizanin mutunci. Manomin da ya bar sabara ta yi tsiri a gonarsa sunansa rago, kuma ba a gaggawar ba rago mata.

Sai kuma doka. Tun 1935 Turawan Faransa suka kafa dokar daji wadda ta sa itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, gwamnatin Nijar kuma ta ci gaba da tafiya a kan wannan turba bayan samun mulkin kai. Ma'anarta a wurin talaka ita ce, gona taka ce amma bishiyar da ke cikinta ba taka ba ce. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Manomi mai hankali, da ya ga tsiron bishiya, sai ya sa fartanya ya kashe shi tun kafin hukuma ta san da shi. Dokar da aka yi don kare itatuwa ita ta riƙa hana su girma.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Da an yi shuka gero ya fito, sai iska ta kwaso rairayi ta yanke shi ko ta binne shi, a sake shuka, wani lokaci sau uku ko huɗu a damina guda, irin da aka ajiye ya ƙare. Mata na cin dogon zango neman itacen girki. Da ya gagara suka koma ƙona kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona shi ke tafiya murhu. Kowace shekara ƙasa na ƙara mutuwa.

Shekarar El Buhari

Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai ƙarshen muninsa a 1973 da 1974. Dabbobi suka mutu garke-garke, mutane suka watse. A cikin wannan hali ne sojoji ƙarƙashin Seyni Kountche suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974, kuma batun abincin agaji na cikin laifuffukan da aka jera wa tsohuwar gwamnatin. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 1984. Damina ta ƙi, ga shi a shekarar gwamnatin soja ta Najeriya ƙarƙashin Buhari ta rufe kan iyaka, hanyar da aka saba shigo da hatsi da zuwa ci-rani ta toshe. Abin da ya sa mutanen yankin suka raɗa wa yunwar suna El Buhari ke nan.

Duk wanda ya isa magana a lokacin ya yarda cewa maganin hamada shi ne dashen itatuwa. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Kafin nan ma an kashe kuɗi masu yawa: a reni 'ya'yan itatuwa a leda, a ɗora a mota, a kai ƙauye, a dasa, a yi shinge. Mafi yawansu ba sa ganin damina ta biyu. Wanda rana ba ta ƙone ba, akuya ta cinye, wanda ya tsira daga akuya, gara ta gama da shi. Manomi kuma bai ga dalilin da zai ɗebi ruwan da iyalinsa ke sha daga rijiya mai gaba da yawa ya zuba wa bishiyar gwamnati ba.

Cikin masu wannan aiki akwai wani matashi ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, masanin noma da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi. Ya yi ta dashe yana kallon abin da ya dasa na mutuwa, har ya fara yanke ƙauna. A 1983, kamar yadda ya sha faɗa, ya tsaya a hanyar wani ƙauye don rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan ɗan tsirin ganye irin wanda ke ko'ina a gonakin, wanda kowa ke ɗauka ciyawar banza ce. Ya matsa kusa ya duba ganyen. Ashe bishiya ce. An sare ta shekaru da suka wuce, amma kututturen bai mutu ba. Saiwarta na nan a ƙasa, ta yi zurfi, ta san inda laima take. Duk shekara tana fitar da toho, duk shekara kuma mai gona na zuwa lokacin sassabe ya sare ya ƙone.

Da ya ɗaga kai ya duba, irin wannan tsiri ya cika gonakin har iyakar ganinsa. Dajin da ake kukan ya tafi bai je ko'ina ba. Yana ƙarƙashin ƙasa, ana taka shi.

Aikin wuƙa ɗaya

Dabarar ba ta da wuya, kuma gaskiya ba sabuwa ba ce, domin manoman Afirka sun daɗe da sanin cewa kututture na tohuwa. Lokacin sassabe, maimakon ka share komai, sai ka zaɓi kututturan da kake so: sabara, kalgo, geza, taramniya, magarya, duk abin da ƙasarka ta ba ka. A kowane ɗaya za ka tarar da toho rututu suna gasar abinci, shi ya sa ba wanda ke tashi. Ka bar ƙarfafa kaɗan, kamar uku zuwa biyar, ka yanke sauran, ka rage rassan gefe. Wasu kan ɗaura ƙyalle a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Tunda saiwar babba ce, ƙarfin da ke rarrabuwa a kan toho talatin yanzu ya taru a kan kaɗan, sai ka ga cikin shekara biyu ko uku sanda ta wuce tsayin mutum. Ba leda, ba ban ruwa, ba mota. Wuƙa ko gatari mai kaifi, shi ke nan. A ƙasar Maraɗi ana kiran wannan sassaben zamani.

Mai karatu zai zaci da jin haka manoma suka yi rububi. Ina! 'Yan kaɗan da suka yarda su gwada sun sha dariya. An ce gonarsu ta ƙazanta, an ce inuwa za ta kashe gero, an ce tsuntsaye za su samu masauki su cinye amfani. Shi kansa Baturen an kira shi mahaukaci. Wasu kuma da dare ake zuwa a sace musu sandunan da suka rena, saboda itace ya yi tsada.

Ba na ganin laifin waɗanda suka ƙi. Mutumin da rumbunsa ba ya kai shi damina ba shi da gonar gwaji. Idan mai kuɗi ya gwada sabon abu ya faɗi, riba ya rasa. Idan talaka ya gwada ya faɗi, 'ya'yansa ne za su kwana da yunwa. Masu zagin talaka da taurin kai sau da yawa ba su taɓa yin wannan lissafi ba.

Abin da yunwa ta tilasta

Yunwar 1984 ce ta karya wannan turjiya. An shigo da hatsin agaji, aka kuma shirya cewa za a ba da shi a bakin aiki. A ƙauyuka kusan 100 na yankin Maraɗi, aikin da aka gindaya shi ne kowane manomi ya bar itatuwa a gonarsa, aƙalla 40 a hekta guda. Mutane suka yi, ba don sun gamsu ba, sai don tiyar hatsi. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen 500,000 aka rena ta wannan hanya.

Da aka samu damina, rabon hatsi ya tsaya, me ya faru? Aka ɗauki gatari. Kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan nan aka sare.

A nan nake so mai karatu ya ɗan dakata, domin wannan shi ne wurin da masu ba da labarin nasara suka fi son tsallakewa. Wahala ta tilasta wa kowa canji, amma da ta sassauta, mafi yawa sun koma gidan jiya. Ashe wuya ba ta koya wa mutum komai da kanta. Abin da ta yi kawai shi ne ta ba kowa uzurin gwada abin da a da kunya ke hana shi, tunda a shekarar kowa gonarsa da tsiri, ba mai yi wa wani dariya. Masu kashi ɗayan da ya rage su ne waɗanda suka buɗe ido a cikin wannan shekara suka lura. Sun ga geron da ke kusa da itatuwa iska ba ta yanke shi ba. Sun ga ganyen da ya zuba ya riƙe laima, ya jawo gara tana huda ƙasa. Dabbobi na zuwa shan inuwa su bar taki. Uwargida ta samu kirare a bakin gona. Da shekara ta zagayo akwai sandar sayarwa a kasuwa. Waɗanda suka sare nasu kuwa, kuɗin itacen da suka samu sau ɗaya ya ƙare, suna kallon maƙwabci yana yanka duk shekara kututturensa na sake tohuwa. Ba a daɗe ba suka dawo da kansu, wannan karon ba wanda ya ba su ko tiya ɗaya.

Daga nan abin ya riƙa tafiya daga baki zuwa baki: a kasuwa, a wurin biki, a bakin ɗan ci-rani da ya ga gonar wani a hanya.

Bishiyar wa?

Da dokar daji ta ci gaba da aiki yadda take, da duk wannan ya tsaya a 'yan ƙauyuka. Tun da farko masu aikin sun nemi hukumar gandun daji ta Maraɗi ta sassauta, a bar manomin da ya reni bishiya ya amfana da ita ba tara, aka kuma amince. Sannan al'amuran ƙasa suka taimaka ta hanyar da ba wanda ya tsara. Farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sauƙi, Kountche ya rasu a 1987, aka shiga shekarun rikicin siyasa. Ma'aikatan daji suka rage zuwa ƙauyuka. Manoma suka fara ɗaukar itatuwan gonarsu a matsayin nasu, tun kafin takarda ta ce haka. Daga baya doka ta biyo sawu: dokar karkara ta 1993, sabuwar dokar daji ta 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tabbatar wa manomi haƙƙin itatuwan da ya rena.

Ƙauyuka kuma suka kafa nasu tsarin. A Dan Saga, cikin yankin Aguie, an kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa maza da mata, manoma da Fulani makiyaya, aka sa tara kan mai satar sara, har aka buɗe kasuwar itace. A ganina wannan ya fi dabarar wuƙar muhimmanci. Ɗan'adam ba ya renon abin da ya san gobe za a ƙwace masa.

A kudancin Damagaram, wato Magarya da Matamai da Mirya, labarin ya ɗan bambanta. Can gawo ne sarki, kuma manoma sun yi aikinsu ba tare da wani babban shiri daga waje ba. Kowane manomi ya san halin gawo: da damina, lokacin da gero ke son rana, shi yake kaɗe ganyensa, da rani kuma ya yi kore shar ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa irin sinadarin da ake saye a buhun takin zamani. Tarihin Damagaram ya nuna sarakunan ƙarni na 19 sun kafa hukunci mai tsanani kan saran gawo. Ilimin yana nan a kan mutane, yunwa da ƙarancin ƙasa suka sa aka koma gare shi.

Abin da aka gani daga sama

Shekara kusan 20 wannan abu na gudana duniya ba ta sani ba, har da manyan Yamai. Ba a ƙaddamar da shi da kiɗa ba, ba allon sanarwa a bakin hanya. Sai wajen 2004 zuwa gaba masu bincike, ciki har da Mahamane Larwanou ɗan Nijar, da Chris Reij ɗan Holan, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama na 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam. Wuraren da suke fili fetal a da sun cika da ɗigo-ɗigon itatuwa. Ƙiyasinsu ya nuna hekta miliyan 5, da itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara.

Wani zai ce ai ruwan sama ne ya dawo bayan shekarun fari. Ya taimaka, babu musu. Amma hotunan sun nuna wani abu da ya kamata ya taɓa zuciyar duk ɗan Arewacin Najeriya: a wurare da dama a bakin iyaka, ɓangaren Nijar ya fi ɓangaren Najeriya yawan itatuwa a gona, alhali ƙasa ɗaya ce, hadari ɗaya ke zubar musu da ruwa, harshe ɗaya, sau da yawa ma dangi ɗaya. Mu da muke ganin mun fi su wadata, muna da takin gwamnati da kuɗin fetur, ba a matse mu har mu duba ƙarƙashin ƙafarmu ba.

Da yunwa ta sake dawowa a 2005, bayan fari da farin ɗango, an ga bambancin a cikin gidaje. Mai itatuwa yana da abin da zai sara ya kai kasuwa ya auno hatsi, yana da ganye da 'ya'yan itace na ci da na sayarwa, yana da abin ba dabba. Wanda gonarsa take tas sai ya sayar da akuya a wulaƙance, ko ya kama hanya.

Wanda ya zaɓa da kansa

Manoman Maraɗi tura su aka yi. Akwai kuma wanda ya tafi da ƙafarsa. Yacouba Sawadogo mutumin Yatenga ne a arewacin Burkina Faso. Yana yaro aka kai shi karatun allo a Mali, ya dawo ya kama kasuwanci a kasuwar Wahiguya, yana samun rufin asiri. Wajen 1980, lokacin da mutane ke gudu daga ƙauye zuwa birni saboda fari, shi sai ya bar kasuwa ya koma ƙauyensu Gurga, ya tunkari fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ba ya shigarta.

Shi ma bai ƙirƙiro sabon abu daga sama ba. Kakanninsa na da dabarar haƙa 'yan ramuka a fako don tare ruwa, suna kiranta zai. Ya faɗaɗa ramukan, ya zurfafa su, ya riƙa haƙa su tun da rani, sannan ya zuba taki a ciki. Takin ya jawo gara, gara ta yi ta huda hanyoyi a ƙarƙashi, ruwan farko da ya sauka ya samu wurin shiga ya zauna. Gero da dawa suka yi kyau a inda ko ciyawa ba ta fita. A cikin takin kuma akwai 'ya'yan itatuwa da dabbobi suka ci, suka tsiro, ya bar su. An kira shi mahaukaci, an taɓa cinna wa wurin wuta. Bayan shekaru, fakon ya zama daji mai itatuwa da tsirrai sama da iri 60. Ya riƙa shirya taron manoma sau biyu a shekara ana musayar iri da dabaru.

Aikin ya iso ƙasar Hausa. A 1989 aka kai manoma 13 daga Illela ta jihar Tawa ziyara Yatenga. Suka dawo suka gwada ramukan, waɗanda a can ake kira tassa. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da amfani a inda na kusa da su suka ƙone. Ba a jima ba fako, wanda a da ko kyauta ba mai so, ya zama abin saye da sayarwa, samari kuma suka samu sana'ar haƙa tassa ana biyansu. A 2018 aka ba Sawadogo da Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, a shekara guda. Sawadogo ya rasu a watan Disamban 2023.

Kada a yi wa yunwa kirari

Akwai wani irin zance da ba na so, na masu cewa ai gara da aka yi yunwar tunda ga abin da ta haifar. Wanda ya binne ɗansa a 1984 ba zai faɗi haka ba, kuma ba mu da hurumin faɗa a madadinsa. Makiyayan da suka rasa garkensu kaf, da yawansu ba su sake mallakar saniya ba har suka koma ga Allah. Itatuwa miliyan 200 ba su biya diyyar rai ɗaya ba. Nijar kuma ba ta rabu da ƙarancin abinci ba, domin jama'arta sun ninka fiye da sau uku tun wancan lokaci. Har a cikin nasarar akwai wanda ya cutu: macen da ba ta da gona, wadda a da take tsintar itace ko'ina, yanzu kowace sanda da mai ita.

Saboda haka idan ka je jaje, kada ka yi gaggawar nuna wa mutum alherin da ke cikin asararsa. Ba ka gan shi ba tukuna, shi ma bai gani ba. Ka zauna da shi, ka kawo abin da za ka iya.

To, kai fa?

Amma bayan an share hawaye, akwai tambayar da ta fi "me na rasa" amfani, ita ce "me ya rage da rai a ƙasa". Mu ɗauki ma'aikacin masaƙa a Kakuri ta Kaduna ko Sharaɗa ta Kano, wanda ya wayi gari an rufe kamfani. Abin da ake gani a sama, wato albashi da katin aiki, an sare. Amma shekarun da ya yi yana kwance inji yana ɗaurawa ba su tafi da kamfanin ba. Haka matar da aure ya mutu ta dawo gidan iyaye: hannunta bai manta ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hular da ta koya wurin kakarta ba, ko da an shekara goma sha ana ce mata matar wane ba ta sana'a. Ɗan kasuwar da wuta ta cinye kayansa, idan ya riƙe amana a baya, akwai uban ɗakin da zai ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi, kuma wannan jari ne da gobara ba ta ci. Sau da yawa irin waɗannan abubuwa sun daɗe suna tohuwa, mai su ne ke sarewa duk shekara saboda yana ganin sun yi masa ƙanƙanta, ko yana tsoron bakin mutane.

Wanda abu ya rushe masa yakan rikice ya kama sana'a goma a wata guda, yau gwanjo, gobe kaji, jibi neman biza. Ƙarfin da ya rage masa kaɗan ne, idan ya rarraba shi ba wadda za ta tashi. Sai ya zaɓi biyu ko uku ya haƙura da sauran, ya kuma ba su lokaci, domin manoman nan ma ba a damina ɗaya suka ga sanda ba.

Sauran aikin kuma ba nasa ba ne, namu ne da ke kewaye da shi. Bazawarar da duk ribar da ta tara sai wani yaya ko ƙane ya zo ya ranta ba biya, za ta daina tarawa, kuma tana da gaskiya. Yaron shagon da ya yi shekaru yana bauta ba a sallame shi ba, zai daina sa zuciya. Da yawan mutanen da muke cewa sun kasa farfaɗowa, mu ne ma'aikatan dajin da ke tsaye a kansu.

Duk wannan labarin mutanen da suka tsaya a ƙasarsu ne. Akwai wasu da canjin ya same su a kan hanya. Shekaru aru-aru fataken Hausa na kai kaya Gwanja da jakuna su auno goro, har yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwarsu, sannan jirgin ruwa da jirgin ƙasa suka zo suka mayar da tsohuwar hanyar abin tarihi. Layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan Ingila na sa ran auduga za su kwasa, sai ga gyaɗa ta cika tasha. A babi na gaba za mu bi sawun waɗannan fatake, musamman wani maraya ɗan Bebeji mai suna Alhassan Ɗantata, mu ga abin da ya ɗauko daga fataucin goro ya shiga da shi cinikin gyaɗa, da kuma dalilin da ya sa wasu manyan madugai da suka fi shi dukiya a lokacin ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.